Ruwan Tafkin Kainji Ba Kyauta Ba Ne Ga Mai Lambun Tumatir

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, mutanen Warra, Yauri da Shanga suke zaune a bakin ruwa mai yawa. Saboda haka manomin rani a nan yakan ga tattalin ruwa aikin mutanen hamada ne. Amma ruwan ba ya hawa kwami da kansa. Inji ke jawo shi, inji kuwa fetur yake sha, kuma tun cire tallafin mai a 2023 kowace lita ta zama abin lissafi. Ga shi kuma tafkin yakan cika da hunturu, lokacin da ruwan duwatsun Gini ya iso, sa'an nan ya fara janyewa da bazara, daidai lokacin da tumatir ya fi jin ƙishi.

Ban ruwa na ɗigo, wanda aka inganta a Isra'ila wajen 1965, yana kai ruwa gindin shuka ta siririn tiyo mai ƙananan huji. Sai dai tiyon kaɗai ba ya rage ɓarna. Wanda ya buɗe shi da safe ya tafi kasuwa ya yi asarar da mai malale kwami yake yi, ga kuɗin tiyo a kai. Abin da ke kawo sauƙi shi ne sanin yaushe za a buɗe, da kuma yaushe za a rufe.

Lissafin ba shi da wuya. Milimita 1 na ruwa daidai yake da lita 1 a kan murabba'in mita ɗaya. A ce gona tana rasa milimita 6 a yinin zafi, kuma kowace shuka ta mamaye rabin murabba'in mita. Bukatarta lita 3 ke nan. In hujin yana ɗigar da lita 2 a awa, awa ɗaya da rabi ta isa. Ɗalibi zai iya tabbatar da wannan da gwangwani da agogo a lambun makaranta. Sabon dashe kuwa bai kai rabin wannan bukata ba.

Lokacin fure da ɗaura 'ya'ya shi ne mafi hatsari. In ƙasa ta bushe yau, gobe ta jiƙe sharkaf, kalsiyam ba ya isa cikin ɗan tumatir yadda ya kamata, sai gindinsa ya yi baƙi ya ruɓe, wasu kuma su tsage. Manoma da yawa sukan ɗauka cuta ce, su sayi maganin feshi a banza. A ƙasar jigawa, wadda ba ta riƙe laima, gara a raba ruwan biyu, safe da yamma.

Akwai kuma matsalar da ta shafi bakin tafki musamman: ruwansa yana ɗauke da laka da gansakuka, waɗanda kan toshe huji ba tare da an lura ba. Dole a sa matata a bakin tanki, a riƙa wanke ta, a kuma tona ƙasa da yatsa a ƙarshen layi, don can ne shuka ke fara yaushi.