An Kori Bature, To Wa Ya Gaji Gonar?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta kaure a ɗakin kwananmu bayan an tashi daga karatun dare. Wani abokina ya ce duk wahalar da Afirka ta sha Bature ne ya kawo ta, ran da ya naɗe tabarmarsa kuwa magana ta ƙare. Ni kuwa na ce korar Bature rabin aiki ne, domin zalunci ba a launin fata kaɗai yake ba. Hujjata tana cikin tarihin ƙasar Kenya, ta Afirka ta gabas.

A zamanin mulkin Ingilishi mutanen Kenya hawa uku ne. Turawa a sama, Indiyawa a tsakiya suna riƙe da kantuna, baƙar fata a ƙasa. Turawa suka keɓe wa kansu gonaki mafi albarka a kan tuddai masu sanyi, aka haramta wa baƙin mutum mallakar ko taƙi ɗaya a can. Mutanen Kikuyu da yawa suka koma 'yan ƙodago a ƙasar kakanninsu. An ɗora musu harajin ɗaki, an daɗe ana hana su noman kofi, kowane baligi kuma sai ya rataya wani ɗan gwangwani a wuya mai ɗauke da takardar shaidarsa, ana ce da shi kipande.

Da tura ta kai bango sai talakawa suka shiga daji, suka yi rantsuwa sai sun ƙwato ƙasa da 'yanci. Su ne aka sani da Mau Mau. A watan Oktoba na 1952 gwamna ya kafa dokar ta-ɓaci, aka kama Jomo Kenyatta da wasu shugabanni. Fararen hula Turawa 32 ne suka rasu a wannan yaƙi, alhali ko a lissafin gwamnatin kanta an kashe 'yan Mau Mau fiye da 11,000, an rataye fiye da 1,000. Madugunsu Dedan Kimathi an rataye shi a 1957, har yanzu ba a gano kabarinsa ba.

To, jama'a, a nan ne maganar abokina ta fara tsinkewa. Cikin waɗanda suka fi gallaza wa 'yan Mau Mau har da 'yan'uwansu Kikuyu, watau hakimai da dogaran da gwamnati ta ba bindiga. Lokacin da dubban mutane ke tsare a sansani aka sake rabon gonaki a ƙauyuka, masu biyayya ga gwamnati suka samu rabo mai tsoka, wasu fursunonin kuwa suka dawo suka tarar ba su da inda za su kafa fartanya. A ɗaya gefen kuma, akwai waɗanda ba baƙar fata ba ne amma suka tsaya wa talaka. Makhan Singh, Ba'indiye shugaban ƙungiyar ma'aikata, ya yi shekara 11 a tsare tun daga 1950. Pio Gama Pinto, wanda iyayensa mutanen Goa ne ta ƙasar Indiya, shi ma an tsare shi a 1954 saboda taimakon Mau Mau. Ashe fata ba ta nuna wanda ke tare da kai.

Ran 12 ga Disamba 1963 Kenya ta sami mulkin kai, aka yi kaɗe-kaɗe da guɗe-guɗe. Gonakin fa? Aka ce ba za a ba kowa kyauta ba, sai dai a saye su daga hannun Turawa da bashin da Ingila da Bankin Duniya suka bayar. Wa ke da kuɗin sayen babbar gona? Ministoci, da manyan ma'aikata, da 'yan kasuwa, da 'ya'yan hakiman nan. Wanda ya shekara huɗu a daji yana kwana cikin raɓa ba shi da ko sisi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Waɗanda suka buɗe baki kan wannan al'amari ba su ji da daɗi ba. Bildad Kaggia, wanda aka ɗaure tare da Kenyatta, ya dage a ba marasa gona ƙasa kyauta, sai ya rasa muƙaminsa na ƙaramin minista a 1964, ya ƙare rayuwarsa cikin talauci a 2005. Pinto an harbe shi a ƙofar gidansa a Nairobi cikin Fabrairu 1965. Oginga Odinga ya ajiye muƙamin mataimakin shugaban ƙasa a 1966 ya kafa jam'iyyar KPU, a 1969 aka soke ta aka tsare shi. J. M. Kariuki, ɗan majalisa mai yawan kukan yadda 'yan tsiraru suka azurta jama'a na bara, an tsinci gawarsa a daji a 1975. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, dokar da Turawa suka kafa ta haramta Mau Mau ba a janye ta ba sai 2003, shekara 40 bayan mulkin kai. A 2013 ne kuma Ingila ta yarda ta biya diyya ga tsofaffi 5,228 da aka azabtar.

Kada mai karatu ya ce na yi son kai, bari in faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Masu kare Kenyatta suna cewa da an ƙwace gonakin da ƙarfi, da Turawa sun gudu da dukiyarsu, noma ya durƙushe, jini ya sake kwarara. Gaskiya ne kuma dubban ƙananan manoma sun sami filaye a wancan shiri. Na yarda zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Amma wane zaman lafiya ne ya wajabta wa minista ya mallaki gonar da ba ya iya kewayewa da ƙafa? Wace maslaha ce ta sa a kulle bakin mai tambaya?

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mu ma a nan Arewa, sa'ad da aka kafa NEPU a Kano a 1950, su Malam Aminu Kano sun lura Bature ta hannun hukumar gargajiya yake mulki, don haka suka haɗa neman 'yanci da neman haƙƙin talaka. Ga shaida: an sami mulkin kai a 1960, amma haraji da jangali ba a soke su a jihohin Kano da Kaduna ba sai 1979.

Daga ƙarshe, maganata da ku ce, 'yan'uwana. Duk mun tuna yadda muka yi kuka muna 'yan aji ɗaya, ana sa mu ɗebo ruwa da wanki, ana ƙwace mana nama a ɗakin cin abinci. Mun rantse in mun girma ba za mu yi haka ba. Yau ga mu a manyan azuzuwa, kowa ya tambayi kansa ko ya cika alkawari. Cikinmu ne za a sami gwamnoni da alƙalai na gobe, wanda kuwa ya ƙwace naman ƙaramin yaro yau, gona zai ƙwace gobe. Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin.