Mu Da Ba Mu Da Albashi, Ina Namu Rabon?

 Yau da ɓacin rai na zo.

Kakana daga ƙasar Kano ya zo Jimeta fatauci, ni kuma hatsi nake aunawa a kasuwa, don haka abin da zan faɗa a jikina na ji shi. A farkon 2023, da Babban Banki ya canja takardun naira, mun wuni da masara a gaba babu mai saye, saboda kuɗi sun ɓace, mutumin ƙauye kuwa ba ya karɓar taransifa. Ba mu gama farfaɗowa ba, sai ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwana biyu-uku.

Wai hujjarsu ita ce ana satar fita da mai zuwa Kamaru. Gaskiya ne, duk wanda ya san hanyar Garwa ya san haka. To amma don Allah, in ɓarawo ya shiga gari, ɓarawon ake kamawa ko garin ake ƙonawa? Mai keke Napep da ke jigila daga Jambutu zuwa cikin Yola, shi ya yi fasa-ƙwaurin? Ga mu can nesa da Legas, duk kayan da ya iso nan sai ya sha kuɗin mota, kuma a kan kwanon talaka ake fanshewa.

Ranar 30 ga Yuli 2023 mutane suka fasa rumbunan abinci na gwamnati, har Gwamna Fintiri ya sa dokar hana fita ta awa 24. Ba na goyon bayan sata, haramun ce, kuma har shagunan bayin Allah aka taɓa. Amma wata biyu kacal bayan cire tallafi ke nan, mai hankali ya yi lissafi.

A 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, Adamawa kuma ta fara biya da wuri. Madalla, ba mu yi wa ma'aikata baƙin ciki ba. Sai dai mu fa? Mahauci, ɗan koli, mai shayi, ɗan dako, mai gyaran takalmi, wa ya ƙara mana ko sisi? Da an ji ƙarin albashi kaya su tashi, mu da ba a biya ba mu saya da tsada.

Laifinmu shi ne shiru. Muna biyan kuɗin rumfa da haraji, muna jefa ƙuri'a, amma in maganar haƙƙi ta zo sai mu ce ai mu baƙi ne. Baƙo da kakansa ke kwance a maƙabartar garin? Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su tashi su nema mana rancen jari marar ruwa da sassaucin haraji, a rubuce, ba a rumfar mai shayi ba.

Allah Ya kawo mana sauƙi, amin. Wassalam.