Wasalin Da Ba A Rubuta Ba

Haruffan Larabci uku, kaf da ta da ba, idan aka jera su babu wasali, ana iya karanta su "kataba", wato ya rubuta, ko "kutiba", an rubuta, ko "kutub", littattafai. Jaridun Larabawa da yawancin littattafansu ba sa sanya wasali. Mai karatu ake jira ya sanya, gwargwadon nahawu da sarfun da ke kansa. Wannan ƙwarewa ce sashen Larabci na jami'a yake shekaru huɗu yana dasawa, kuma ita ce ɗalibai suka fi saurin sallama wa ChatGPT da ire-irensa tun fitowarsa a ƙarshen 2022.

Ba na cikin masu kiran a haramta waɗannan manhajoji. Ciwonmu a ƙasar Hausa tsoho ne: mutum ya haddace Ajurrumiyya, wani har da Alfiyyar Ibn Malik mai baiti kimanin dubu, amma da zarar Balarabe ya tambaye shi hanyar kasuwa sai harshe ya sarƙe. Don maganin wannan aka kafa Ƙauyen Larabci na Ngala a jihar Borno, inda jami'o'i ke tura ɗalibai su zauna cikin harshen. A nan ƙirƙirarriyar basira tana da rana. Abokin hira ne da ba ya gajiya, ba ya kuma yi wa mai koyo dariya idan ya yi tuntuɓe, abin da ya rufe bakin ɗalibai da yawa a aji.

Li'irabi kuwa wani abu ne daban. Manhajar ba ta zauna gaban malami ta koyi ƙa'ida ba. Hasashen kalma mai zuwa take yi daga tarin rubutun da aka ciyar da ita, mafi yawansa kuma marar wasali. Sau da yawa takan dace. Ranar da ta kuskure kuwa, ta mai da maf'uli fa'ili, ko ta ƙago baiti ta jingina wa mawaƙin da bai taɓa faɗarsa ba, da irin natsuwar da take faɗin gaskiya za ta faɗa. Wanda zai gane kuskuren shi ne wanda ya riga ya ƙware. Ɗan aji ɗaya kwafewa zai yi, ya miƙa, wataƙila ya koyar da shi a Islamiyya bayan shekara biyar.

A karatun zaure, almajiri yakan karanta a bayyane, malam ya tsayar da shi a kan wasali ɗaya. Sassan Larabci su dawo da wannan cikin jarrabawa: a miƙa wa ɗalibi shafi marar wasali ya karanta a gaban malamai. Aikin gida kuma ya sauya salo. A ba shi li'irabin da manhaja ta yi wa wani sakin layi, a ce ya tantance shi jimla-jimla, ya nuna inda ta dace da inda ta kauce, ya kuma kawo hujjarsa daga Sharhin Ibn Aƙil, da babi da shafi.