Jinin da ke fita daga dasashi ba abin wasa ba ne

A nan Yamai, da ka ji an ce wani ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye, an garzaya da shi babban asibitin ƙasa ko na Lamorde, sai kowa ya ce tansiyon ne. Gaskiya ne, hawan jini shi ne kan gaba wajen jawo wannan ciwo da likitoci ke kira AVC. Amma akwai wata ƙofa da muka bari a buɗe, wato bakinmu.

Idan datti ya taru ya daskare a gindin haƙori, dasashi kan kumbura, ya riƙa zubar da jini lokacin aswaki. Ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga jini. Kumburin da ya daɗe yana taɓa jijiyoyin jini, ya taimaka wajen toshewarsu, har da waɗanda ke kai jini ƙwaƙwalwa.

Wani bincike da aka yi a Amurka kan mutane sama da 10,000, aka wallafa a mujallar Stroke a 2018, ya gano cewa masu zuwa wajen likitan haƙori a kai a kai, haɗarin toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa ya yi ƙasa a wajensu da kusan kashi 23 cikin 100. Binciken alaƙa ya nuna, bai ce wanke baki kaɗai zai hana ciwon ba. To amma wannan alaƙar ta isa mu farka.

Mu kuwa yaya muke yi? Shayi mai sukari safe da dare, ga taba. In haƙori ya tashi, sai a sayi ƙwaya wajen mai talla a Katako, ciwo ya lafa, ruɓa kuma tana ci gaba. Ba a zuwa asibiti sai kunci ya kumbura, ana neman a cire.

Ra'ayina shi ne, duk ma'aikacin CSI da ya auna tansiyon mutum ko sukarinsa, ya ƙara minti ɗaya ya duba bakinsa, in ya ga matsala ya tura shi gaba. Mu kuma a gida, aswaki ko burushi sau biyu a rana, musamman kafin barci. Wanda dasashinsa ke jini kullum, don Allah ya je likita ya duba shi tun yana kan ƙafafunsa.

Allah ya ƙara mana lafiya.