«Kada ka zo» da «no vengas»: Hausa ce gajeriyar hanya

Matasanmu da dama, daga Kazaure zuwa Achilafiya, sun fara sha'awar Sifaniyanci, wasu saboda ƙwallon Real Madrid da Barcelona, wasu saboda neman karatu a waje. Kusan dukkansu ta Turanci suke bi, domin da shi aka tsara darussan da ke wayoyinsu. A ganina wannan doguwar hanya ce, kuma babin hani, wato yadda ake cewa «kada», ya isa hujja.

A Turanci, aikatau ba ya sauyawa tsakanin umarni da hani. Kalmar «don't» kawai ake ɗorawa a gaba. Wanda ya saba da haka, idan ya koyi «ven» (zo), zai ɗauka haninsa «no ven» ne. Kuskure ne. Daidai shi ne «no vengas». Haka «habla» (yi magana) ke komawa «no hables», «come» (ci) ya koma «no comas». Ƙa'idar ita ce a ɗauki sigar mai magana, kamar «hablo» ko «vengo», a cire «o», a musanya wasali: aikatau mai ƙarewa da -ar ya ɗauki -es, mai -er ko -ir ya ɗauki -as.

Littattafan Turanci kan gabatar da wannan a matsayin babi mai wuya. Amma Bahaushe kullum haka yake magana. Muna cewa «Zo!» kai tsaye, amma ba ma cewa «kada zo», dole mu ce «kada ka zo» ko «kada ki zo». Wannan «ka zo» ɗin kuwa shi ne dai wanda ke cikin «ina so ka zo». Sifaniyanci ma haka yake: «vengas» ɗin da ke cikin hani shi ne na «quiero que vengas», wato ina so ka zo. Harsunan biyu sun ɗauki hani daga sigar fata da nema. Wanda ya taɓa nahawun Larabci a Islamiyya ma ya san yadda «uktub» ke komawa «la taktub».

Za a ce kamancen bai kai ko'ina ba, kuma gaskiya ne. Sifaniyanci ba ya bambanta «ka» da «ki» a nan, sannan wakilin suna yana ƙaura daga baya zuwa gaba: «dímelo» (faɗa mini) ya zama «no me lo digas». Waɗannan sai an haddace. Amma tushen ginin yana bakin ɗalibi tun yana goye.

Matsalar ita ce mun bar nahawun Hausa ga masu jarrabawa kawai, mun ɗauka ba ya kai mutum ko'ina. Malamin da ke koyar da baƙon harshe a Jigawa ya fara tambayar ɗalibansa yadda suke faɗin abin da Hausa, kafin ya buɗe littafin Turanci. Sau da yawa zai tarar rabin darasin sun riga sun iya shi.