Kimiyyar Alli da Allo

Bara aka tura ni gwajin koyarwa a wata ƙaramar sakandare, aka damƙa mini darasin kimiyya da fasaha. Ran farko na tambayi yara mene ne maganaɗisu. Suka miƙe gaba ɗaya suka rera mini ma'anarsa da Turanci tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu. Na ce madalla, to wa ya taɓa riƙe shi a hannu? Aji ya yi tsit.

Jama'a, wannan shi muke kira koyar da kimiyya. Malam ya kwafo daga littafi ya zuba a allo, yaro ya kwashe ya haddace, ran jarrabawa ya amayar. In ya fāɗi sai mu ce yaran yanzu ba su da kai. Wallahi ƙarya muke yi musu.

A bayan ofishin shugaban makarantar akwai wani ɗaki a garƙame. Da na leƙa ta taga sai na hangi injinan sassaƙa da na aikin ƙarfe, tsatsa ta cinye su, gara ta gama da akwatunansu. Mai gadi ya ce shi ma haka ya tarar da su. Waɗannan su ne gādon tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982. Gwamnati ta sayo injina daga Bulgeriya da Hangari da Cekosulobakiya, aka rarraba wa makarantu, da yawansu ba lantarki, ba ɗakin da za a kafa injin, ba malamin da ya san inda ake kunna shi. An sayi doki ba a tanadi ciyawa ba. A 1999 kuma aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004, aka sake wa darussa suna. Ɗakin nan dai ba wanda ya nemo mabuɗinsa.

Amma kada mu ɗora wa gwamnati kayan duka. Injin Turai ne kaɗai kimiyya? A marinar Ƙofar Mata zane yakan fito daga rami kore-kore, ya sha iska ya koma shuɗi. Me ya juya shi? Iskar nan ce ta oksijin da yaro ke haddace sunanta bai san aikinta ba. Maƙeri da zugazuginsa yana koyar da darasin zafi kyauta, mun bar shi a bakin kasuwa don ba ya jin Turanci. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya gwada koyar da 'yan firamare da Yarabanci a Ile-Ife, har da kimiyya da lissafi, yaran kuwa ba su kāsa ba. Mu da muke taƙama da Hausa a wannan jami'a, nawa ne cikinmu suka taɓa zama suka rubuta wa yaro darasin lantarki da harshensa? Sai waƙoƙin soyayya!

Ni dai na cire maganaɗisu daga tsohuwar sifikar rediyo, na sayi batir biyu da ƙwan tocila da guntuwar waya daga aljihuna. Na yi bayani da Hausa. Wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ita ta fara haɗa wayar, ƙwai ya kama, aji ya kaure da sowa. Mai duba ni ya rubuta a takardata cewa na yi amfani da yaren gida, kuma na kasa tsawata wa aji. Ya rage mini maki.