Fagen Kimiyya: Yadda Wuta Ke Raba Maganaɗisu Da Ƙarfinsa

Duk wanda ya taɓa riƙe mayen ƙarfe, wato maganaɗisu, ya san yadda yake fizgar allura da ƙusa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne wuta tana raba shi da wannan baiwa. Tun a 1895 Pierre Curie na Faransa ya nuna cewa idan zafi ya kai wani mizani sai ƙarfin ya gushe. Ga baƙin ƙarfe, mizanin nan kimanin digiri 770 ne na Salsiyas, alhali ƙarfen bai ko kusa narkewa ba.

To, me ya jawo haka? A 1920 wani Bajamushe, Wilhelm Lenz, ya kwatanta ƙwayoyin zarra na ƙarfe da gidaje kamar na dara, kowane da kibiya mai kallon sama ko ƙasa. Kowace kibiya tana son bin maƙwabtanta, zafi kuwa yana hargitsa su. Ɗalibinsa Ernst Ising ya yi lissafin layi guda a 1925, bai ga wani mizani ba, sai ya zaci ko'ina haka ne. Ashe kuskure ya yi, domin a 1944 Lars Onsager, haifaffen Norwe, ya tabbatar da mizanin a kan shimfiɗaɗɗen allo. Amma na dunƙulen ƙarfe mai tsawo da faɗi da kauri, har yau ba wanda ya warware shi sarai da alƙalami.

Nan ne kwamfuta ta shigo. Allo mai gida goma tsaye, goma kwance, hanyoyin jera kibiyoyinsa lamba ce mai alƙaluma 31, wadda babu injin da zai ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ake aron dabarar da Nicholas Metropolis da abokan aikinsa suka fito da ita a Los Alamos ta Amurka a 1953, ɗaya daga cikin dabarun da ake kira Monte Karlo, sunan garin nan na 'yan caca. Injin yakan zaɓi gida guda ya gwada juya kibiyarsa. In juyin ya ƙara jituwa da maƙwabta, shi ke nan. In ya kawo saɓani, sai a jefa ƙuri'a, wadda gwargwadon zafi gwargwadon yawan yardarta. Haka za a yi ta maimaitawa sau miliyoyi.

Da sanyi, kusan dukkan kibiyoyin kan fuskanci gefe guda. Da zafi kuwa, kowace ta kama gabanta, maganaɗisu ya mutu. Dab da mizanin sai a ga gungu-gungu, manya da ƙanana, suna haɗuwa suna watsewa.

Sai dai fa allon kwamfuta ƙarami ne, kuma a ƙaramin allo canjin ba ya fitowa da kaifi. Don haka masana sukan gwada alluna masu girma dabam-dabam, su kuma auna injin da amsar Onsager kafin su amince da abin da ya faɗa game da dunƙulen ƙarfe. Kuskuren Ising ya isa ishara.